SAI BANGO YA TSAGE: TARIHIN DOKTA WHITTLE NA ZARIYA DA CUTAR DA KE BARCI A JIKINMU

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Birnin Kudu ko ta Gwaram, ko a cikin gari ne ko a garuruwan da ke kewaye irin su Bamaina da Kangire da Sara da Basirka, ba zai rasa tuna wannan ba. Yaro zai kwanta da zazzaɓi a ƙarshen damina, ya yi kwana uku ko huɗu jikinsa kamar garwashi, ranar da ya fara samun sauƙi sai a ga wasu ƙananan ƙuraje masu ruwa sun feso masa a gefen leɓe. Kakarsa za ta tallafo haɓarsa ta duba, ta ce, "To madalla, zazzaɓin ya fita." Bayan mako guda ƙurajen sun bushe, an manta da su.

Mun girma, neman ilmi da neman abinci sun watsa mu Kano da Kaduna da Abuja da Legas, amma ƙurajen nan ba su rabu da yawancinmu ba. Wani sai lokacin jarrabawa suke fito masa, wani sai ya sha rana a hanya, wata kuma duk sanda ta yi rashin lafiya, kuma kusan kullum a gurbi ɗaya suke dawowa. Ina suke zuwa idan sun ɓace? Me ke kiran su idan sun dawo?

Amsar waɗannan tambayoyi ta ci wa masana fiye da shekara 70, kuma wani muhimmin ɓangare nata a jikin yaran Arewa aka karanto shi. A wannan fitowa ta mujallarmu mun ga ya dace mu kawo wa 'yan uwa tarihin wani likita mai bincike, Dokta Hilton Whittle, wanda ya fara wannan aiki a ɗakin yara na asibitin Zariya, ya kai shi gaci a ƙasar Gambiya. Abin da ya gano ya shafi idanun 'ya'yanmu da rayukansu har yau.

Baƙon da ba ya sallama

Ƙwayar cutar da ke kawo ƙurajen zazzaɓi bairos ce, wato irin ƙwayar nan da ta fi ƙarfin madubin likita na yau da kullum saboda ƙanƙanta. Likitoci na kiran ta hapis, daga wata kalma ta Girkanci mai nufin rarrafe. Ba ita kaɗai ba ce a gidansu. Danginta da ke kama ɗan Adam sun kai takwas, ciki har da mai kawo ƙarambau, kuma dukkansu hali ɗaya suka gada: in sun shiga jikin mutum ba sa fita har ƙarshen rayuwarsa. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kusan mutum biyu cikin uku na waɗanda ba su kai shekara 50 ba suna ɗauke da ta ƙurajen zazzaɓi, galibi tun suna yara suka same ta ta hanyar yawu, a wajen sumbata ko shan ruwa da moɗa ɗaya.

Mu da muka san fadama mun san gaiwa. Idan ruwa ya janye da rani sai ta nutse cikin laka ta naɗe, ba ci ba motsi, mai wucewa ya taka wurin bai san da rai a ƙarƙashinsa ba, sai ruwan sama ya sauka ta farfaɗo. Haka wannan ƙwayar cuta take yi. Bayan shigarta ta farko takan bi jijiyar da ke kawo ji a fuska, ta haura har zuwa wani ƙullin jijiyoyi da ke can ciki a gindin ƙwaƙwalwa, ta kwanta. Ranar da ta samu dama sai ta biyo wannan jijiya ta sauko leɓe, ko kuma, in an yi rashin sa'a, ta sauko ido. Wannan ne dalilin da ya sa take dawowa a gurbi ɗaya.

Sanin haka bai zo a rana ɗaya ba. A 1905 wani likitan tiyata na Amurka, Harvey Cushing, ya lura cewa waɗanda ya yi wa aiki a wannan ƙullin jijiya sukan fito da ƙuraje a fuska. A 1929 Ernest Goodpasture ya kawo ra'ayin cewa a nan cutar take ɓuya, sai dai ba shi da hanyar nuna ta. A 1965 wani likitan karkara a Ingila, Edgar Hope-Simpson, bayan ya shafe shekara 16 yana rubuta abin da ya gani a jikin mutanen garinsa, ya bayyana cewa ƙurajen nan masu zafi kamar wuta da ke fitowa tsofaffi a gefe ɗaya na ƙirji ko fuska, tamkar an ɗaura musu rabin ɗamara, ƙarambau ɗin yarinta ce ta farka bayan garkuwar jiki ta yi rauni. Sai a 1971 ne Jack Stevens da Margery Cook suka tono ƙwayar cutar hapis daga jijiyoyin ɓerayen da suka warke sarai, a 1972 da 1973 kuma aka same ta a jijiyar ɗan Adam.

To, an gano maɓoyarta. Tambayar da ta rage ita ce wane ne mai gadin da ke tsare ta a can, kuma me ke kawar da shi daga bakin ƙofa. A nan ne labarin ya iso Arewa.

Zariya a shekarun 1970

An buɗe sashen koyar da likitanci na Jami'ar Ahmadu Bello a 1967. A 1969 Farfesa Eldryd Parry ya karɓi jagorancin fannin cututtukan cikin jiki, ya tara matasan likitoci masu son bincike a tsohon asibitin Tudun Wada. Cikinsu akwai Brian Greenwood, wanda ya iso a 1970 bayan ya yi aiki a Ibadan, da David Warrell mai binciken saran maciji, da Hilton Whittle. A wannan zaure ne kuma aka reni 'yan ƙasa irin su Idris Mohammed na Gombe, wanda daga baya ya zama farfesa, ya jagoranci yaƙi da annobar sanƙarau ta 1996.

Whittle ya mai da hankalinsa ga ƙyanda, wadda iyayenmu ke sakaya sunanta su ce baƙon dauro. Manyanmu sun san abin da ƙyanda ke yi a wancan zamani. Da zarar sanyi ya wuce, zafin bazara ya kunno kai, sai ta shiga unguwa gida-gida, kuma ba a lissafa yaro a cikin waɗanda suka tsaya sai ya yi ta ya tashi. Abin da ya ɗaure wa likitocin Zariya kai shi ne, yara da yawa ba a lokacin ƙurajen suke mutuwa ba. Sai bayan ƙyandar ta kwanta, fata ta fara saɓa, iyaye sun fara murna, sannan gudawa ko ciwon huhu ko gyambon baki ya biyo baya.

Tun kafin wannan lokaci akwai alamar dalili. A 1908 wani likitan yara a Biyana, Clemens von Pirquet, ya lura cewa gwajin tarin fuka da ake yi a fata yakan daina nunawa a jikin yaro muddin yana ƙyanda. Whittle da abokan aikinsa suka ɗauki wannan zare suka bi shi a jinin yaran Zariya. A rahoton da suka fitar a 1973, da wasu da suka biyo baya, sun nuna cewa ƙyanda na karya lagon fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun garkuwar jiki. A 1977 kuma, tare da Dokta Dossetor da Greenwood, suka nuna cewa a jikin yaro mai tamowa ƙwayar ƙyandar takan daɗe ba ta fita ba, don haka raunin garkuwar ma yakan daɗe.

Daga nan ne Whittle ya ci karo da hapis. Ana kawo yara masu tamowa waɗanda suka tashi daga ƙyanda da gyambo mai zurfi a leɓe da dasashi da harshe, har ba sa iya kama nono, wasu kuma da miki a kan baƙin ido. Da aka ɗebi ruwan gyambon aka kai ɗakin gwaji, sai ga ƙwayar cutar nan ta ƙurajen zazzaɓi. Cutar da a jikin lafiyayyen yaro ba ta wuce ɗan ƙurji na mako guda, ita ce a jikin wanda ƙyanda da yunwa suka raunana take cin baki da ido, ko a lokacin ta shigo, ko dama tana kwance. An buga wannan bincike a 1979.

A wannan shekara kuma Whittle da likitan ido John Sandford-Smith suka fitar da wani rahoto kan makantar yara a Arewa. A wata makarantar makafi da suka duba, kashi 69 cikin 100 na yaran lalacewar tantanin gaban ido ne ya makantar da su, kuma sun nuna cewa miki bayan ƙyanda shi ne kan gaba wajen jawo haka. Mu tuna yawan masu hakiya da muka taso muna gani a bakin kasuwar Sara da tashar Birnin Kudu, ana jan su da sanda. Da yawansu da idanunsu garau aka haife su.

Gaskiyar tarihi ta wajabta mu faɗi cewa likitocin Zariya ba su ba ƙarancin sinadarin bitamin A nauyin da ya kamace shi ba. Binciken da Allen Foster da Alfred Sommer suka yi a Tanzaniya, wanda ya fito a 1987, ya nuna cewa ƙarancin bitamin A ne ya fi yawa a cikin dalilan mikin ido bayan ƙyanda, sannan hapis da magungunan da ake ɗiga wa yara a ido a gida su ma suna da nasu kason. Daga wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara masu ƙyanda bitamin A. Amma ginshiƙin abin da Zariya ta gano bai rushe ba: cuta ɗaya tana buɗe wa wata ƙofa. A 2019 masana a Amurka da Turai suka tabbatar da na'urorin zamani cewa ƙyanda na iya goge tsakanin kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na kariyar da jikin yaro ya tara daga cututtukan da ya taɓa yi.

Kumburin muƙamuƙi da yaron Ibadan

Domin mu fahimci babban aikin Whittle na biyu, sai mun koma baya kaɗan, mun leƙa gabashin Afirka. A 1957, a asibitin Mulago da ke Kamfala ta ƙasar Yuganda, an nuna wa wani likitan tiyata mai suna Denis Burkitt wani yaro da muƙamuƙinsa ya kumbura, haƙora suna girgiɗi. Ba da jimawa ba ya ga wani irinsa. A 1958 ya bayyana wa duniya cewa wannan wani nau'in ciwon daji ne na yaran Afirka, wanda yanzu ake kira da sunansa. Ya fi kama 'yan shekara huɗu zuwa bakwai, ya fi yawa ga maza, kuma babu ciwon dajin da ya kai shi saurin girma, domin yana iya ninka kansa cikin kwana ɗaya ko biyu.

A 1961 Burkitt da abokansa biyu suka yi tafiyar kimanin mil 10,000 a mota, asibiti bayan asibiti, suna tambayar inda ake ganin ciwon. Suka tarar yana bin wurare masu zafi da ruwan sama, ba ya hawa tsaunuka masu sanyi. A watan Maris na wannan shekara wani masani mai suna Anthony Epstein ya saurari laccar Burkitt a Landan, ya yi zargin akwai bairos a cikin lamarin. Bayan shekara uku ana aiko masa da tsokar ciwon daga Kamfala, a 1964 shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka hango ƙwayar a madubi mai aiki da lantarki. Da ganin siffarta suka san 'yar gidan hapis ce. Ita ce ake kira bairos ɗin Epstein-Barr, ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam.

Nijeriya na da babban kaso a wannan tarihi. A 1963, a asibitin koyarwa na Ibadan, Farfesa Pulvertaft ya ɗebi ƙwayoyin ciwon daga muƙamuƙin wani yaro ɗan shekara 11, ya yi nasarar raya su a kwalba suna hayayyafa ba iyaka. Ana kiran su ƙwayoyin Raji. Da farko an ɗauka babu bairos a cikinsu, domin ko an duba ba a ganin komai. A 1970 Harald zur Hausen na Jamus ya nuna cewa tana nan, ta ajiye kwafin asalin halittarta a cikin ƙwayoyin ta yi shiru. Wato barcin da ake ta magana a kai, ga shi a kwalba ana kallo. Fiye da shekara 60 ke nan ɗakunan bincike a faɗin duniya na amfani da ƙwayoyin wannan yaro ɗan Nijeriya wajen nazarin yadda cutar ke barci da yadda take farkawa. A Ibadan ɗin dai, Farfesa Victor Ngu na cikin waɗanda suka nuna cewa ciwon na narkewa da magani cikin 'yan kwanaki, aikin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Lasker a 1972 tare da Burkitt da wasu.

Sai dai an shiga wani ruɗani. Bincike ya nuna cewa fiye da mutum tara cikin goma na manyan duniya suna ɗauke da bairos ɗin Epstein-Barr, Bature da Balarabe da Bahaushe, tana kwance a cikin wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin B. In kowa na da ita, don me yaran wasu yankunan Afirka ne ciwon ya fi kamawa? Tun a 1964 Gilbert Dalldorf ya nuna yatsa ga zazzaɓin cizon sauro, Burkitt ma ya koma kan wannan ra'ayi, domin taswirar ciwon da ta zazzaɓin kusan ɗaya ce. Amma dacewar taswira ba hujja ba ce. Ana bukatar wanda zai nuna abin da zazzaɓin ke yi a cikin jini.

Daga Garki zuwa Gambiya

Mu 'yan Jigawa ba sai an ba mu labarin ƙarfin zazzaɓin cizon sauro ba, amma yana da kyau mu san cewa a ƙasarmu aka yi ɗaya daga cikin manyan bincike a kansa a tarihin duniya. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da aiki a gundumar Garki, lokacin tana cikin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. An yi feshin maganin sauro a ƙauyuka fiye da 160, a wasu kuma aka haɗa da raba magani ga kowa da kowa. Cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta yanke ba, da aka daina kuma ta dawo. Littafin da Molineaux da Gramiccia suka fitar a 1980 ya nuna cewa a irin ƙasarmu, da damina, yawancin ƙananan yara na yawo da ƙwayar zazzaɓin a jininsu, ko suna kwance ko suna wasa.

A daidai wannan lokaci, a Zariya, Greenwood da abokansa suka nuna a 1972 cewa yaron da ke fama da zazzaɓin cizon sauro jikinsa ba ya amsa wasu alluran rigakafi yadda ya kamata. Ke nan zazzaɓi ma, kamar ƙyanda, yana raunana mai gadi. A 1980 Greenwood ya koma Gambiya ya shugabanci cibiyar binciken lafiya ta Birtaniya da ke Fajara, Whittle ma ya koma can a farkon shekarun 1980, ɗauke da tambayar da ya taso da ita daga Zariya.

Gwajin da ya yi ba shi da wuyar fahimta. Idan aka ɗebi jinin lafiyayyen mutum mai ɗauke da bairos ɗin Epstein-Barr, aka zuba wa fararen ƙwayoyinsa bairos ɗin a kwalba, ƙwayoyin B da suka kamu sukan fara hayayyafa ba kan gado. Bayan kamar mako biyu sai wasu dakarun, waɗanda ake kira ƙwayoyin T, su gane su, su hallaka su, kwalba ta lafa. Waɗannan ƙwayoyin T su ne mai gadin da ake nema. Whittle ya yi wannan gwaji da jinin yaran Gambiya a lokacin da zazzaɓi ke kansu, ya sake yi bayan sun warke. A lokacin zazzaɓi ƙwayoyin T sun kasa, masu ɗauke da bairos suka yi ta yaɗuwa. Bayan an yi magani yaran sun murmure, sai ƙarfin gadin ya dawo. An buga sakamakon a mujallar Nature a 1984, da sunayen Whittle da Greenwood da Kevin Marsh da wasu abokan aikinsu. A 1991 kuma, tare da Dorothy Crawford da wasu, ya nuna cewa yawan ƙwayoyin B masu ɗauke da bairos yakan hauhawa a jinin yaro idan zazzaɓi ya kama shi.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A wannan lamari ƙadangaren na cikin ɗaki tun yaro na goye, tsagewar bangon ce ke ba shi damar yin ɓarna. Zazzaɓi ɗaya ba ya jawo ciwon daji. Amma yaron da ke kwanciya sau da yawa kowace damina, shekara bayan shekara, kowane kwanciya na ƙara yawan ƙwayoyin da suka kamu, yana kuma tunzura su su yi ta rabuwa, har wata rana ɗaya daga cikinsu ta yi kuskure a tsarin halittarta, ta zama tushen ciwon. Binciken da aka yi daga baya a yankin Kisumu na Kenya ya tabbatar da cewa yaran da ke zaune inda zazzaɓi ya yi katutu sun fi ɗauke da bairos ɗin da yawa a jini, a kan takwarorinsu na kan tudu inda sauro ba shi da yawa.

Whittle bai tsaya a nan ba. Ya shafe shekaru masu yawa a Gambiya yana aiki kan allurar ƙyanda, da rigakafin ciwon hanta nau'in B, wanda aka fara babban gwajinsa a ƙasar a 1986, da kuma nau'i na biyu na cuta mai karya garkuwar jiki. Duk inda ya juya, tambayarsa ta Zariya ce yake bi: me ke faruwa da yaro idan garkuwar jikinsa ta yi rauni, kuma yaya za a tare abin tun bai faru ba?

Abin da ya rage gare mu

Har yau babu maganin da ke fitar da hapis daga maɓoyarta. Akwai dai maganin asaikulobiya, wanda ya fito daga ɗakin binciken Gertrude Elion a shekarun 1970, wanda ke daƙile ta idan ta farka, musamman in an fara shi da wuri. Saboda haka abin da ke hannunmu shi ne kula da bango, kuma tarihin da muka kawo ya nuna inda yake tsagewa.

Na farko, ƙyanda. Allurarta kyauta ce, ana yi a wata tara, a maimaita a wata 15. Mu da ke birni mukan cika katin 'ya'yanmu, amma nawa ne daga cikinmu suka taɓa tambayar katin 'ya'yan ƙannenmu da ke gida idan mun je hutun salla?

Na biyu, zazzaɓi. A Gambiya ɗin nan ne, ƙarƙashin Greenwood, aka nuna a 1991 cewa gidan sauro mai magani na rage mutuwar yara. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ba yara 'yan wata uku zuwa shekara biyar maganin kariya wata-wata a lokacin damina, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka amfana da shirin. A watan Disamba na 2024 Nijeriya ta fara allurar rigakafin zazzaɓin a jihohin Kebbi da Bayelsa. Duk zazzaɓin da aka tare, an tare har da abin da ke biyo bayansa.

Na uku, ido. Yaron da ya tashi daga ƙyanda ko zazzaɓi yana runtse ido, yana gudun haske, yana zubar da hawaye, asibiti ya kamata a nufa da shi a ranar. Kada a sa masa kwalli ko ruwan tsiro, kada kuma mu sayi maganin ɗigawa a kemis mu aika gida bisa kwatance ta waya, domin akwai masu ɗauke da sinadarin rage kumburi wanda ke sa mikin hapis ya ƙara zurfi har ido ya tafi. Haka nan mai ƙurajen zazzaɓi a leɓe ya haƙura da sumbatar jariri ranar suna, domin a jikin sabon haihuwa cutar na iya kisa.

Na huɗu, kumburin muƙamuƙi ko na ciki da ke girma cikin 'yan kwanaki a jikin yaro, sau da yawa ba tare da zafi ba, haƙora na girgiɗi. Wannan ba na wanzami ba ne, ba kuma na jira a ga abin da hali zai yi ba. Yana daga cikin ciwon dajin da ya fi jin magani idan an zo da wuri. Asibitin Birnin Kudu, wanda ya zama Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a 2000, yana kusa da mutanen Gwaram da na Birnin Kudu baki ɗaya, daga can kuma ana iya tura mara lafiya gaba. Sau da yawa kuɗin mota da na gwaji ne ke sa iyaye jinkiri, kuma wannan gurbi ne da ɗan uwa na birni zai iya cikewa. Haka tsofaffinmu da ƙurajen rabin ɗamara suka fito wa, a kai su cikin kwana uku na farko, musamman in abin ya kusanci ido.

Kammalawa

Kakanninmu da suka ce zazzaɓi ne ke fitowa a leɓe sun lura da abin da ke gabansu da kyau, domin lallai zazzaɓin ne ke kiran ƙurajen. Abin da ba su da madubin gani shi ne baƙon da ke kwance a jijiya. Whittle da abokan aikinsa sun gan shi ne domin sun zauna a gefen gadon yaran Arewa shekara da shekaru, suna tambaya suna rubutawa, kuma iyaye mata na Zariya da na Gambiya sun miƙa hannun 'ya'yansu an ɗebi jini. Muna da kwalejin gwamnati mai daɗaɗɗen tarihi a Birnin Kudu, muna da makarantar koyon jinya, muna da asibitin tarayya, muna kuma da 'ya'ya a sassan likitanci na jami'o'in ƙasar nan. Har yanzu ba a samu allurar rigakafin hapis ta ƙurajen zazzaɓi ko ta Epstein-Barr ba, aikin na jiran masu yi. Fatanmu shi ne cikin yaran da za su karanta wannan shafi a gidajen iyayensu a samu wanda zai ɗauki tambayar daga inda aka tsaya, ya dawo gida ya yi binciken a kan yaranmu, domin yaranmu.